Fenti Matacce

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana tuƙa shugabannin wani kamfani, kuma a duk tsawon shekarun nan da wuya ka sami wanda ya san sunansa na yanka. Madubi kowa yake ce masa. Duk motar da ta faɗo hannunsa, ko da ta zo a jigace kamar an tono ta daga rami, kafin mako ya zagayo za ka ga masinjoji suna tsayawa a gefenta suna gyara wuyan riga. Wani tsumma mai laushi ba ya barin kafaɗarsa ta hagu. Matarsa ta sha faɗa wa mutane cewa ko ranar da ya fara zuwa wurinta da tsumman nan ya zo, kuma sai da ya goge hannun ƙofar gidansu kafin ya yi sallama. Baba yakan ce sharri ne, amma bai taɓa yarda ya rantse ba.

Da ya yi ritaya, kamfanin ya bar masa tsohuwar motar da ya fi daɗewa yana ja, wata baƙa wuluk mai faɗin gaba. Shekara huɗu yana morarta. Daga nan idonsa ya fara yi masa gardama: fitilun titi suka koma bibbiyu, allunan hanya suka zama kamar an watsa musu ruwa. Likita ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce masa a hankali, "Baba, idon nan zai kai ka ko'ina da ƙafa, amma sitiyari sai dai a haƙura." A ranar ya zaro makulli ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa, wadda duk gidan ke kira Auta, ya shige ɗaki.

A cikin 'ya'yansa biyar Auta ce kaɗai ta gado shi. Tun tana firamare, kullum da safe sai ta tsaya a jikin ƙofar motar aikinsa ta leƙa fuskarta, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Baba, ga ƙura nan," ko da babu, don kawai ta ga ya zabura da tsumma. Shi ya koya mata tuƙi. Yanzu ga shi ta sami takardar izinin buɗe makarantar koya wa mata mota, kuma da baƙar motar nan za ta fara.

Abin da ya rage wa Baba shi ne wanki da guga. Gari na wayewa zai fito da bokiti biyu, da sabulu, da gwangwanin man goge mota wanda yake ɓoyewa a bayan akwatinsa kamar wani zinare. Ya wanke, ya tsane, ya shafa, ya murza, har sai ya ga bishiyar ƙofar gida ta fito tar a kan bonet. Aikin nan shi ke tashinsa daga barci. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma akwai tsoro ɗaya da yake cin ransa: kada wata rana a jingine shi a kusurwa kamar tsohuwar taya, ana gaishe shi da ladabi, ana kawo masa shayi, ba a neman komai a wurinsa.

Sai dai fentin motar ya tsufa, wannan ko Baba bai musa ba. Rana ta cinye rufin har ya fara ɓarewa, kuma ba man da zai dawo da abin da ya riga ya tafi. Auta ta yi ta tambaye-tambaye inda za ta sami aiki mai arha wanda kuma zai jure rana da ruwa, har wata ƙawarta ta haɗa ta da wani mai fenti a bayan layin masu walda. Ta kai motar ranar Alhamis, aka ce ta dawo bayan kwana tara.

Kwana taran nan sun yi wa gidan tsawo. Baba ya goge butar shayi har Mama ta daina gane ta. Ya goge keken ɗinkinta, ya goge makunnin fitila, ya goge kwaɗon ƙofa. Rana ta shida ta same shi yana kallon tukunyarta da wani irin ido, ta janye abarta ta ce, "Baban Auta, in ka taɓa tukunyar nan, ni ma sai ka haɗa da ni ka goge. Ka je ka zauna da abokanka mana."

"Abokaina ba su da aikin yi," in ji shi.

"To kai fa?"

Ya koma ya sake goge kwaɗon.

Ranar Asabar da la'asar ya ji ƙarar injin da zai iya ganewa ko a cikin motoci ɗari. Ya fito da sauri, tsumma a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa. Auta ta faka a ƙarƙashin bishiya, ta fito tana washe baki, ta buɗe hannuwa.

"Baba, ya ka gani?"

Baba ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Motar ta koma ruwan toka mai duhu, sumul, ba tabo ko ɗaya, amma fa ba ƙyalli ko na sisin kwabo. Rana tana dukanta, ita kuma ta shanye hasken ta yi shiru, kamar allon makaranta da aka wanke. Ya matsa ya leƙa jikin ƙofa, bai ga kowa ba. A tsawon rayuwarsa wannan ne karo na farko da ya leƙa motarsa ba ta nuna masa fuskarsa ba.

"Yaushe za ki mayar ya ƙarasa?" ya tambaya.

"Ya ƙarasa me? Ai an gama. Haka ake yinsa, Baba. Sunansa mat."

"Me?"

"Mat."

"Ai ba sai kin faɗa ba, da gani matacce ne."

Mama da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Auta ma ta yi dariya, ta shiga yi masa bayani cewa sheƙin bonet yana kashe wa masu koyo ido in rana ta take, kuma duk garin ba motar koyo mai irin wannan launi, daga nesa za a riƙa gane ta. Ta ce ga shi bai ci mata kuɗi kamar yadda ta ji tsoro ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai ta shiga kunnen Baba. A ransa ya ce, yauwa, ga inda aka cuce ta: an ga mace ce, an ga tana neman sauƙi, an fesa mata fentin shimfiɗa, wanda ake fara sawa kafin na ainihi, an ce mata yayi ne.

Wayarta ta yi ƙara, mai ɗaukar hoto ne da zai zo gobe da rana ya ɗauki motar don allon makaranta. Ta kara wayar a kunne, ta juyo tana tafiya ta ce, "Af, Baba, don Allah kada ka taɓa ta. Wannan ba ta son guga. Yanzu sai ka huta abinka." Ta shige gida tana magana da mai hoto.

Ita ta faɗa da zuciya ɗaya. Shi kuwa kalmar nan ta huta ta soke shi kamar ƙaya. Haka shugaban kamfani ya ce masa ranar sallama, haka likita ya ce, yanzu ga Auta ma. Ya daɗe a tsaye yana kallon motar, tausayinta ya kama shi, tausayin kansa ma ya kama shi. Wai mota ba ta son guga! Shi dai bai taɓa jin wanda ya ce ba ya son wanka ba sai ƙazami.

Washegari tun kafin masu shara su fito, Baba ya lallaɓa ya ɗauko gwangwaninsa. Ya yi niyyar gwada ɗan wuri kaɗan ne, kamar tafin hannu, a gefen bonet. Ya shafa, ya murza. Da farko fentin ya yi taurin kai. Baba ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga, ya sa masa irin murzar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi, zagaye-zagaye, ba gaggawa, ba sassauci. Can sai ga wani ɗan haske ya ɓullo.

"Ka gani ko?" ya ce da motar. "Ashe da sauran numfashi."

Daga tafin hannu aka koma faɗin faranti, daga faranti aka koma tire. Gumi ya jiƙa masa riga, kafaɗarsa tana zafi, amma rabonsa da jin daɗi irin wannan tun kafin a tafi da motar. Har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Wajen ƙarfe takwas rabin bonet ya farfaɗo, ɓangaren direba, ga reshen bishiya nan ya fito a ciki har da tsuntsun da ke kai. Ɗaya rabin yana nan a mace. Baba ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, yana jiran a fito a yaba.

Auta ce ta fito, da kofin shayi a hannu. Ta kai kofin baki, idonta ya faɗa kan bonet, kofin ya tsaya a hanya.

"Ina kwana, Auta," in ji Baba, yana murmushi. "Kin ga abin da nake faɗa miki? Aikin awa biyu ne kawai. Kafin mai hotonki ya zo na gama gaban duka. In kin je ki faɗa wa mai fentin nan, motar Madubi ya taɓa."

"Baba." Muryarta ta fito siririya. "Baba, me ka yi?"

"Na tashe ta."

"Ka ɓata ta! Wayyo Allah, ka ɓata ta! Ba na ce kada ka taɓa ba? Sai da mutumin nan ya ja mini kunne sau uku, ya ce ko man goge takalmi kada ya kusance ta. Kwana tara ina jira!" Ta ajiye kofin a kan dakali da ƙarfi har shayin ya zube. "Me ya sa ba za ka zauna ka huta ba kamar sauran tsofaffi?"

Tana rufe baki ta san ta yi ɓaranɓarama. Mama da ta fito da shirin dariya ta haɗiye abarta. Baba ya rufe gwangwanin, ya danna murfin da babban yatsa har ya zauna daidai. Ya sauke tsumman daga kafaɗa, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa, ya ajiye a kan dakali kusa da kofin. Mama ta ce daga baya, a shekara arba'in na aurensu ba ta taɓa ganin kafaɗar nan tsirara da rana ba, kuma abin ya ba ta tsoro.

"Mu je wurin mai fentin," ya ce. "In ni na yi ɓarna, da bakina zan faɗa masa. In kuma shi ya yi, zai ji daga gare ni."

Suka kama hanya, Auta na tuƙi, Baba a gefe. Rana tana faɗowa kan rabin bonet ɗin da ya goge, tana tashi tana dukan Auta a ido, har sai da ta sauke abin tare rana. Baba ya lura, ya kuma lura cewa ɓangarensa, mataccen, bai dame shi da komai ba. Ya kau da kai ya kalli taga.

Wurin mai fenti wata doguwar rumfar kwano ce, an raba ta biyu da labulen leda mai kauri. A waje motoci uku, an lulluɓe gilasansu da tsofaffin jaridu. Ƙasa a jiƙe take don kada ƙura ta tashi, warin tina, ruwan tsinka fenti, ya cika ko'ina, injin iska yana tari a kusurwa. Mai fentin kansa wani gajere ne mai ƙiba, ɗan kimanin shekara arba'in, gashin girarsa ya yi fari da ƙurar sanfefa, kowane farcensa da launinsa. Ya fito yana goge hannu, ya gaida Baba har da rusunawa, sannan ya ga bonet.

Ya zagaya ta dama. Ya zagaya ta hagu. Ya tsuguna ya kalle shi a kwance.

"Hajiya, wane gareji kika kai ta? Wa ya sa mata inji?"

"Ba inji ba ne," in ji Baba. "Hannu ne."

"Hannun wa?"

Baba ya ɗaga nasa.

Mai fenti ya kalli hannun, ya kalli bonet, sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi ta dariya har hawaye. "Baba, ka yafe ni, ba kai nake wa dariya ba. Wallahi fentin nan na sa masa sinadarin tauri cikakke, ban rage ba. Na ce wa Hajiya zai yi shekaru rana ba ta ci shi ba. Ashe ban yi lissafi da kai ba."

Baba bai ga abin dariya ba. "Ɗan nan, ni tambaya ɗaya na zo yi. Wannan abin, aiki ne gamamme ko kuwa ka ga yarinya ce?"

Mutumin ya daina dariya. Ya tashi ya kawo wasu faya-fayan ƙarfe guda uku da ke rataye a bango, ya jera su a kan benci. Na farko duk ya ɓare kamar fatar maciji. "Wannan na gwangwanin feshi ne, ya fi komai arha, damina ɗaya yake yi. Wannan na biyun leda ce ake mannawa, tana da kyau, amma tsadarta ta fi ƙarfin mai fara sana'a, kuma rana tana ɗaga mata baki. Na ukun shi na yi mata. Fenti ne na gaskiya, irin wanda ka sani, sai a rufe shi daga sama da wani ruwan fenti marar launi mai tauri wanda aka kashe wa sheƙi. Shekara uku faifan nan yana kan rufin rumfar nan, duba shi." Ya kamo hannun Baba ya ɗora a kai. "Shafa a hankali. Ka ji wani ɗan kaushi-kaushi?"

"Na ji. Kamar ɓawon ƙwai."

"Yauwa! Ban taɓa samun wanda ya faɗe shi daidai haka ba. To kaushin nan shi ne duk aikin. Shi yake tarwatsa haske. Kai kuma ka bi ka daddanne shi, ka cike ramukan da mai. Ba ya dawowa. Kuma ba ya karɓar faci, sai an kankare bonet ɗin gaba ɗaya an sake fesawa. Wankinsa ruwa ne da sabulu mara ƙarfi, a tsane shi da tsumma a hankali, ba murzawa. In tsuntsu ya yi kashi a cire da wuri. Shi ke nan."

Baba ya janye hannunsa daga faifan. Mutum ne da ya san aiki in ya gan shi, kuma ya gane yanzu cewa ba a cuci 'yarsa ba, shi ne ya cuce ta. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. "Na yi kuskure," ya ce. "Auta, ki yi haƙuri. Kai ma ka yi haƙuri, na ɓata maka aiki, na kuma zarge ka." Ya juya ya koma gefe, ya bar su suna maganar ranar da za a gama, da yadda za a ɗaga zuwan mai hoto.

Inda ya tsaya akwai wata mota da aka gama shafe ta da farin fentin shimfiɗa, tana jiran feshi. Ya dafa ta don ya huta. To amma hannun da ya saba ba ya jin magana. Tun Baba yana tunanin abin da ya same shi, tafinsa ya kama tafiya shi kaɗai a jikin ƙofar, daga gaba zuwa baya, a hankali. Ya wuce wani wuri, ya dawo. Ya sake wucewa, ya sake dawowa.

"Ɗan nan," ya ce ba tare da ya juyo ba, "wannan yau za ka fesa?"

"Yanzu ma, Baba. Ita ma irin na Hajiya za a yi mata."

"Akwai lotsawa a nan."

"Haba Baba, kwana biyu na yi a ƙofar nan. Sumul take."

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi gardama ciwo. Mai fenti ya ɗauko doguwar rula ta ƙarfe ya kwantar a wurin, ya sunkuya ya leƙa ta ƙasa. Ga wani siririn haske nan yana wucewa tsakanin rula da ƙofa, bai fi kaurin takarda ba. Ya ɗago ya kalli Baba.

"Akwai wata a saman taya ta baya," in ji Baba, hannunsa ya riga ya yi gaba. "Nan kuma an cika ƙullun cike lotsawa ya yi tudu. Nan ma." Ya rufe idonsa ma gaba ɗaya, tunda dama ba wani taimako suke yi masa ba. Mai fenti yana biye da shi da fensir yana zagaye duk inda aka nuna, ya gwada da rula, ya yi tsaki, ya ƙara gaba. Kafin su zagaye motar an yi da'ira bakwai.

"Sannan," Baba ya ƙara da cewa, "motar 'yata ma, ƙofar baya ta hagu, ƙasa da hannu. Jiya na ji ta. Na yi shiru ne don na ɗauka za ka ƙarasa."

Auta ta toshe baki. Mai fenti ya tafi da rularsa, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Baba, bari in faɗa maka abin da yake hana ni barci a aikin nan. Fenti mai sheƙi, in an sami ɗan kuskure, sai a kankare wurin a goge, ya ɓace. Wannan kuwa yadda ya sauka haka zai zauna har abada. Duk gyaran sai an yi shi kafin feshi, kuma a kan farin nan ido ba ya ganin komai, sai hannu. Nawa hannun sanfefa ta cinye shi, ko allura na taɓa ba na ji. Motoci biyu aka dawo mini da su wancan watan." Ya kalli hannun Baba. "Ba za ka riƙa leƙo ni da safe ba? Awa biyu kawai. Kafin in fesa kowace mota, ka bi ta da hannun nan. Zan sallame ka yadda ya kamata, ba alfarma nake nema ba."

Murna ce ta taso wa Baba, irin wadda in bai yi hankali ba za ta fito ta ido. Don haka ya ɗaure fuska, ya kalli rufin kwano kamar mai duba jadawalin ayyuka masu yawa.

"An ce in huta," ya ce.

"Baba!" in ji Auta.

"Ni ba ni na faɗa ba."

Ta zo ta kama hannunsa da hannu biyu, a gaban mai fenti da kowa, idonta ya cika. "Na janye. Wallahi na janye, bakina ne ya fi ni sauri. Kada ka huta. In ka huta ma gidan ba zai zaunu ba, Mama ta ce saura tukunyarta."

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce zai duba. Sannan ya ce ƙarfe bakwai yake fara aiki, ba bakwai da minti biyar ba, kuma ƙasar rumfar nan tana bukatar shara ta gaskiya, kuma jaridun da aka rufe gilashin can da su an manna su a karkace. Mai fenti yana ta cewa "To, Baba," yana dariya. Kafin su tafi, Auta ta ja shi gefe ta raɗa masa wata magana. Ya kalle ta, ya kalli Baba, ya ce, "An gama, Hajiya."

Ranar Laraba motar ta dawo. Bonet ya koma ruwan toka daga gefe zuwa gefe, ƙofar baya ma an gyara, kuma Baba da kansa ya bi su da hannu kafin a fesa. Har yanzu in ya kalle ta yakan girgiza kai ya ce matacciya, amma yanzu da wata irin murya yake faɗa, kamar yadda ake tsokanar jika.

Washegari da sassafe ya fito da bokitinsa. A kan dakali ya tarar da tsummansa, an wanke an ninke, da wani sabo mai laushi a gefensa. Ya ɗauki tsohon ya mayar kafaɗa. Ya wanke motar yadda aka koya masa, ruwa da sabulu kaɗan, yana tsanewa a hankali, hannunsa yana ƙaiƙayin murzawa yana hana shi. Da ya zagayo baya ta ɓangaren direba sai ya tsaya cak. Ɗan murfin tankin mai, wanda bai fi tafin hannu ba, an bar shi baƙi wuluk, yana sheƙi, irin launin motar na da.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya koma ɗaki ya jawo gwangwaninsa daga bayan akwati.

Bakwai saura kwata Auta ta fito da makulli a hannu, za ta sauke shi a rumfar mai fenti kafin ta ɗauko ɗalibarta ta farko. Ba ta buɗe ƙofa ba. Ta zagaya baya, ta sunkuya a gaban ɗan murfin nan, mace mai shekara ashirin da takwas da takardar izinin makaranta a jaka, ta leƙa fuskarta, ta gyara ɗankwali.

"Baba," ta ce, "ga ƙura nan."

Babu ƙura ko ɗaya, shi ma ya sani. Ya fizgo tsumma daga kafaɗa ya zabura.